Yadda ake buɗa ko tsuke bakin bututun tagulla na kakaki da bigila

Duk shekara idan azumi ya haura ashirin, sai mabusa su fara sallama a rumfarmu da ke Birnin Kebbi. Wani daga Argungu, wani daga Jega, kowa da kakakinsa naɗe cikin tsumma, kuma ciwon kusan ɗaya ne: gaɓar da ake zurawa cikin 'yar'uwarta ta yi sako-sako, an yi ta naɗa mata zare da ledar burodi har an gaji, iska tana zurarewa, "ga shi, ga shi" ɗin da ya kamata a jiyo daga bakin kasuwa ya koma kamar kukan tunkiya mai mura. Malaman makarantu masu 'yan badujala nasu lokacin daban ne, sai gab da faretin 27 ga Mayu ko na 1 ga Oktoba, riƙe da bigilar da bakin busarta ya ƙi zama ko turampet ɗin da gaɓarsa ta cije.

Ni maƙerin fari ne, a hannun kawuna na koya, kuma abin da zan shimfiɗa a nan shi ne yadda muke mayar da bakin bututu daidai da abokin haɗinsa. Mu a bakinmu wanda ke shiga shi ne namiji, wanda ake shiga cikinsa mace.

Kafin ka taɓa guduma

Fara da gane irin haɗin da ke gabanka, domin iri uku ne kuma kowane da gwargwadon matsinsa. Akwai haɗin dindindin da ake liƙewa da dalma. Wannan yana son ɗan sarari ƙanƙane, kamar kaurin gashin kai, inda narkakkiyar dalma za ta bi. Akwai haɗin zurawa da zarewa, irin gaɓar da ake ja a turampet don daidaita murya, wanda dole ya yi sulɓi amma kada iska ta samu hanya. Sai haɗin tsini, mai matsewa a hankali yayin da yake shiga, irin na bakin busa da na gaɓoɓin kakaki da yawa. Wanda ya yi wa haɗin tsini gyaran haɗin zurawa ya ɓata rawarsa da tsalle.

Daga nan sai awo. Ka nemi baniya, wannan ma'aunin da masu sassaƙa ƙarfe da inji suke riƙewa, wadda ke nuna kashi ɗaya cikin goma na milimita ko ƙasa da haka. Ido ba ya wannan aikin. Ramin cikin yawancin turampet wajen milimita 11.7 ne, kaurin jikin bututun kuma bai cika kai rabin milimita ba, to ka ga a nan 0.1 ma babban lissafi ne. Ka auna wajen namiji, ka auna cikin mace, kowanne ta fuska uku ko huɗu kana juyawa. Dalilin juyawar shi ne, rabin kayan da ake kawo mini girmansu bai canza ba, faɗuwa suka yi bakin ya zama kamar ƙwai. Idan awon ya ba ka 12.0 ta nan, 12.4 ta can, ba buɗawa yake so ba, zagaye za ka mayar masa, kuma wannan aikin minti goma ne a kan tsinke, wato sandar ƙarfe mai santsi da ake zurawa cikin bututu.

Sannan ka duba lafiyar ƙarfen a rana. Tagullar da ake ƙera waɗannan kaya gami ce ta jan ƙarfe da tutiya, ruwan ɗorawar da aka fi amfani da ita kashi 70 jan ƙarfe, kashi 30 tutiya. Yawu da ya daɗe a ciki yana cinye tutiyar, sai ka ga ɗige-ɗige ja-ja a jikin bututu, musamman kusa da baki. Wurin da ya yi haka ya ruɓe, ko ya ka taɓa shi zai farfashe. Yanke shi ake yi a sa sabo. Ka kuma bi jikin bututun da farce ka ji ko yana da ɗinki. Kayan Turawa galibi bututun gaɓoɓinsu inji ne ya ja shi, ba ɗinki, kakaki kuwa falle ake naɗewa a liƙe gefensa, kuma wannan ɗinkin shi ne wurin da ya fi saurin buɗewa. Idan ɗinkin na dalma ne, ko kakakin na gwangwani ne ba tagulla ba (sa masa mayen ƙarfe, zai kama), to kada ya ga jar wuta ko kaɗan. Irinsa sai dai ka narkar da ɗinkin bakin, ka sake naɗe shi a kan tsinke daidai girman da kake so, ka sake liƙewa.

Wanne za a taɓa, namiji ko mace? Wanda ya fi arha, wanda idan ya lalace za ka iya samun madadinsa. Kuma akwai iyaka. Bututu mai faɗin milimita 12 zagayensa kusan 37.7 ne, idan ka kai shi 12.5 zagayen ya koma 39.3, ƙarfen da ka miƙa ɗin nan kuwa daga kaurin jikinsa ya fito. A rumfarmu idan tazarar ta wuce rabin milimita a irin wannan siririn bututu ba ma wahalar da shi, zobe muke sa masa. Zan zo kan zoben.

Kayan aikin ba su da yawa: tsinkunan ƙarfe masu santsi, ɗaya mai tsini da ke kumbura a hankali, sauran miƙaƙƙu masu girma dabam-dabam, 'yar guduma mai goge fuska, gudumar katako, bayis (abin matse ƙarfe a kan tebur), zarto mai ƙananan haƙora, magagari mai laushi, samfefa mai laushi, man kaɗe ko kitse. Gindin bit na injin huda, wato ɓangaren da ba shi da kaifi, yana zama tsinke mai kyau tunda an rubuta girmansa a jiki. Mai tsinin kuma kowane mai injin sassaƙa ƙarfe zai fitar maka da shi daga tsohon aksil. Ka dage ya goge shi har ka ga fuskarka, don duk zanen da ke jikin tsinke sai ya koma cikin bututu.

Gashi

Nan ne gindin aikin, kuma nan na sha kunyata ta farko. Tagulla tana da wata ɗabi'a: duk bugu, duk lanƙwasa, duk miƙa, ƙara mata tauri yake yi, har ta kai inda ba ta ƙara miƙuwa sai dai ta tsage. Bakin kakakin da ya shekara talatin ana zurawa ana zarewa ya riga ya yi wannan taurin tun kafin ya zo hannunka.

Ina da shekara biyu a rumfa wani dattijo mabushi ya kawo kakakin da ya gada, Kawu ya fita jana'iza. Na ce, "Baba, zauna ga tabarma, yanzun nan in gama maka." Na ɗora bakin a kan tsinke na ba shi guduma uku. A ta ukun na ji "ƙas", tsaga ta bi ɗinki ta kai tsawon ɗan yatsa. Dattijon bai ce uffan ba, carbinsa kawai yake ja. Da Kawu ya dawo ya ɗaga kakakin ya kalli tsagar ta hasken ƙofa, sai ya ce, "Kai yaro, mi kay yi haka? Ka ba ta wuta?" Na ce a'a. Ya ce, "To da yunwa kat tura ta noma." Kwana biyu muka yi muna yanke wurin muna ƙera sabon baki, ba mu karɓi ko kwabo ba.

Ga yadda ake gashin. Da farko ka kankare duk wata tsohuwar dalma da ke kusa da bakin, tas, har sai rawayar tagulla ta fito. Dalmar liƙi tana narkewa tun wajen digiri 190, gashi kuwa yana kaiwa wajen 600 zuwa 650, kuma a wannan zafin dalmar da ta rage cin tagulla take yi, ta bar maka rami. Idan akwai wani haɗin dalma a kusa da ba ka son ya saki, naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma. Ka gaya wa mai kaya tun da wuri cewa fenti mai ƙyalli ko ruwan azurfar da ke wurin zai ƙone, kada a yi rigima daga baya.

Shiga inuwa, ko ka bari sai bayan la'asar, don a cikin ranar Birnin Kebbi ba za ka ga ƙarfen ya yi ja ba sai ya kusa narkewa. 'Yar wutar gas irin ta masu gyaran firji ta fi dacewa. Idan gawayi gare ka, ka bar zuga-zugi ya huta, ka riƙe bakin a saman garwashi kana murzawa. Wutar kabayit ta masu walda ta yi ƙarfi da yawa, kafin ka ƙifta ido ta huda. Iya wurin da za ka yi aiki za ka gasa, tsawon gaɓar yatsa ɗaya ko biyu. Launi zai bi ta shuɗi-shuɗi, ya yi duhu, sannan wani ja mai duhu ya ɓullo kamar garwashin da ya fara mutuwa. Da ka ga wannan, janye. Idan ya kai ja mai haske kamar lemo ka wuce gona da iri, fatar za ta yi ƙurji-ƙurji, kuma tagullar nan da ta haura digiri 900 kaɗan ta fara narkewa. Farin hayaƙin da ke tashi idan an ƙona ta tutiya ce, shaƙarsa yana kawo zazzaɓi da ciwon jiki da dare, don haka a yi aikin inda iska ke wucewa.

Ka bar shi ya huce, ko ka tsoma a ruwa, duk ɗaya. Maƙeran baƙi sukan yi mini musu a nan, saboda su a wurinsu tsomawa taurara ƙarfe take yi. Tagulla ba haka take ba. Baƙin da wuta ta bari kuma, jiƙa tsamiya a ruwan ɗumi ka tsoma bakin na ɗan lokaci, ka wanke, ka shanya.

Abu biyu ba a gasawa. Gidan bawul na turampet, wato inda maɓallan da ake dannawa ke zama, da dogayen gaɓoɓi masu zamiya na turambon, abin busan nan da ake ja ana turawa. Waɗannan idan suka yi laushi sun tashi aiki. Haka nan gaɓar daidaita murya da ɗan sako-sakonta bai wuce 0.05 ba, a sanyi ake gyara ta.

Buɗawa

Idan bakin yana da tsaga ko ya tauye, yanke shi tukuna. Cusa ɗan itace daidai ramin, ka yanka da zarto har da itacen, don kada bututun ya lotsa. Abin yankan fayif mai ƙafa irin na masu famfo yana tankwasa leɓen ciki, ba na son sa a nan. Ka bi leɓen da magagari ya yi sumul, saboda daga ɗan ƙaramin zazzago tsaga take farawa.

Ɗaure tsinke mai tsini a bayis, tsinin yana kallonka. Shafa masa man kaɗe. Zura bututun har ya tsaya, ka yi wa tsinken alama a nan. Yanzu ka tura da hannu kana murzawa hagu da dama. Gasasshiyar tagulla mai siririn jiki sau da yawa ƙarfin hannu ya ishe ta. Idan sai an buga, ɗora guntun katako a ɗaya bakin ka yi ƙwanƙwasa irin ta mai sallama a gidan surukai. Bututu mai lanƙwasa ba a bugunsa ta baya, sai dai ka riƙe shi a hannu ka ƙwanƙwasa tsinken. Bayan kowane 'yan bugu zare ka auna. Da ka samu ƙarin 0.2, ko ka ji ƙarfen ya fara gardama, tsaya ka sake gashi.

Tsinke mai tsini leɓe kawai yake buɗawa, ya bar maka baki kamar mazurari. Ga haɗin tsini shi ke nan, in dai gangarensa ya dace da na namijin. Ga haɗin dalma ko na zurawa kuwa, sai ka bi da miƙaƙƙen tsinke mai daidai girman da kake nema, wanda aka ɗan dasashe kansa, ka tura shi zurfin da namiji zai shiga.

Akwai wata dabarar da na fi so ga ƙaramin ƙari. Zura miƙaƙƙen tsinke wanda ya kusa cika ramin, ka kwantar a kan uwar maƙera, ka bi zagayen bakin da 'yar guduma, bugu kusa da bugu, kana juyawa. Kowane bugu yana matse ƙarfen tsakanin guduma da tsinke, yana ɗan faɗaɗa shi, zagaye yana ƙaruwa. In ba ka son sawun guduma, ɗauki ƙarfe mai santsi ka danna kana murza bututun gaba da baya kamar mai murza taliya. Wannan murzar ita ake yi wa gaɓar daidaita murya a sanyi, kuma tana da wata riba, tana mayar wa gasasshen baki ɗan taurin da zai jure zurawa da zarewa.

Masu gyaran firji suna da nasu abin buɗa bututu, kuma mutane kan kai musu bigila. An yi shi ne don jan ƙarfe mai kauri, girmansa tsalle yake yi daga inci 3/8 zuwa 1/2, haƙoran maƙamarsa kuma suna barin tabo. Ba laifinsu ba ne, kayan ne ba na wannan aikin ba.

Tsukewa

Ya fi buɗawa wuya, domin ƙarfen da ake matsewa yana neman inda zai je, in bai samu ba sai ya yi tattara. Maganin tattara shi ne kada a bar cikin bututu fanko. Zura miƙaƙƙen tsinke mai girman ramin da kake son ka ƙare da shi, ka shafa masa mai sosai don ya fita daga baya.

Hanya mafi sauƙi ta katako ce. Samu guntun ƙirya ko maɗaci busasshe, huda shi daidai faɗin wajen bututun, ka raba shi biyu da zarto ta tsakiyar ramin. Abin da zarto ya ci shi ne matsinka. Rungume gasasshen bakin da ɓari biyun, sa a bayis, matsa kaɗan, saki, juya bututun kaɗan, sake matsawa. Ka yi ta zagayawa. In ka matsa da ƙarfi a wuri guda zai fito da kunnuwa biyu a inda katakon ya haɗu.

Wanda zai riƙa wannan aikin kullum ya sa a yi masa farantin ƙarfe mai kauri da ramuka jere, kowane rami bakinsa a buɗe yana tsukewa ciki, kowane yana ƙasa da na gabansa da 0.1. Ana shafa mai, a tura bakin cikin rami, a zare, a wuce na gaba, ana gashi bayan rami biyu ko uku.

Zoben da na ambata kuma guntun bututu ne, tsawon milimita 20 zuwa 25, da ake sa wa namiji kamar riga a liƙe da dalma, ko a haɗa baki biyu a cikinsa. Matacciyar bigila ita ce ma'adinin zobe, kada ka yar da ita. Don siraran wurare irin bututun algaita, eriyar tsohuwar rediyo tana da gaɓoɓi masu shiga juna, amma ka goga mata magagari tukuna, in ba ka ga rawaya a ƙarƙashin farin ba ajiye ta.

Gwaji da liƙi

Shafa wa namiji baƙin fitila ko tawadar maka, zura, murza sau ɗaya, zare. Inda baƙin ya goge nan ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Kana son gogewar ta zagaye ko'ina. Idan gefe biyu kawai suka goge, har yanzu ƙwai ne. Idan haɗin zurawa ya ɗan cije, sa masa man goge tagulla na Brasso ko tankaɗaɗɗiyar toka da mai, ka zura ka zare kamar sau goma, ka wanke da sabulu da ruwan ɗumi, ka gwada. Kada ka zarce, abin da ka cinye ba ya dawowa. Gaɓar bawul ta turampet da ta zauna daidai, in ka zare ta ba ka danna bawul ba, za ka ji ta yi "fok". Ga kakaki, toshe babban bakin da tsumma, shafa ruwan sabulu a haɗin, ka hura. Kumfa ba ta ƙarya.

Wurin zaman bakin busa na turampet ya cancanci a yi masa magana daban. Gangarensa kusan 1 cikin 20 ne, ma'ana in ka buɗa shi da milimita 0.1 kacal, bakin busa zai nutse da ƙarin milimita 2, kuma mai busa zai ji bambancin a leɓensa ko da bai san dalili ba. Saboda haka kafin ka zargi wurin zaman, duba gindin bakin busar. Yara suna yar da shi, gindin ya lotsa, kuma murza shi a kan tsinke mai tsini ya wadatar. Wanda ya maƙale kuma kada a sa masa filaya, an karya wuyan bigila da yawa ta haka. Ɗiga mai, ka bi zagayen wurin zaman da gudumar katako a hankali kana ja.

Liƙin dalma ba ya gyara haɗin da bai zauna ba. Goge fuska biyun da samfefa har su yi haske, kada yatsa ya sake taɓa su, shafa sinadarin liƙi, haɗa. Ƙarfen za ka zafafa, ba dalmar ba. Ka taɓa dalmar a bakin haɗin ta gefen da wuta ba ta, idan zafi ya kai za ka ga ta shige da kanta ta zagaye. Goge rarar da tsumma tun tana ruwa, ka wanke ciki da waje, don sinadarin da ya kwana yana kawo tsanwa. Duk inda leɓe ko harshe zai taɓa, nemi dalmar liƙi marar gubar dalma, irin ta kuza da ake yi don bututun ruwan sha.

Saura ajiya, kuma wannan na fi faɗa wa mabusan fada. Sojojin Ingila a Indiya sun taɓa rasa gane abin da ke tsaga kwanson harsashinsu na tagulla da damina, sai daga baya aka gano a bargar dawaki ake ajiye su, kuma tururin fitsarin doki yana tsaga tagullar da ta sha bugu. Bakin da ka gama buɗawa ko tsukewa irin wannan tagullar ce. Kakaki kuwa a gidajen sarauta sau da yawa a zauren da ke jikin barga yake kwana, tare da sirdi da linzami. A mayar da shi wani ɗaki. A raba gaɓoɓin bayan hawa, a zubar da yawun, a goge tsohon mai domin ƙurar hunturu tana mayar da shi kamar samfefa, a shafa sabo kaɗan, sannan a cusa wa kowane baki ɗan guntun itace daidai raminsa kafin a naɗe.